Gano gabas da yamma da inuwar sanda

1. Da hantsi, ku kafa sanda a filin makaranta, ta miƙe sak. Karan gero ma ya isa.

2. Ku aza tsakuwa a ƙarshen inuwar. Da igiya ku zana da'ira daga gindin sandar, ta bi ta kan tsakuwar.

3. Sai haƙuri. Inuwa za ta yi ta gajarta har wajen 12:30 a nan Maradi, sannan ta sake tsawo. Ƙasa ce ke juyawa, digiri 15 kowace awa; ba rana ke tafiya ba.

4. Da inuwar ta sake taɓa da'irar, ku aza tsakuwa ta biyu, ku ja layi tsakaninsu. Ta farko yamma, ta biyu gabas. A dai kori awaki, kada su ture sandar.