Yadda za ka shiga babban filin wasa ranar wasan ƙasa da ƙasa

Abu na farko dai tikiti, ka saya a shafin hukumar da ta shirya wasan, don Allah kar ka biye wa 'yan tsaye a bakin get, na bogi sun yi yawa kuma na'ura na ƙin karɓa shikenan kuɗinka ya tafi. Yanzu yawanci a waya yake zuwa, to ka cika caji ka buɗe shi tun a gida domin netwok na ɗaukewa in mutane sun taru.

Ka isa da wuri, kamar awa 2 kafin a take leda. Fili irin Wembley na Landan mutum 90,000 yake ɗauka, kowa kuma sai an caje shi, sannan jakar da ta wuce girman takardar A4 ba sa barin ta shiga, gaskiya gara ka tafi hannu rabbana.

A jikin tikitin akwai lambar ƙofa da layi da kujera, ita za ka bi. Kuma ka duba ɓangaren magoya bayan wace ƙasa aka ba ka, zama da rigar abokan hamayya a tsakiyarsu yana jawo rigima wallahi.

In an tashi ka ɗan dakata turereniya ta ragu, musamman in da yara.