Kurakuran da malaman Turanci suka fi yi idan maudu'i ya yi faɗi

Duk wanda ya koyar da Turanci a sakandare ya san makon da tsarin darasi zai ba shi kalma ɗaya tak: lafiya, ko noma, ko sufuri, ko muhalli, a ce ya cika darasi uku da ita. A nan yawancinmu muke tuntuɓe.

Babban kuskure shi ne ɗaukar maudu'in da duk girmansa. Malam ya rubuta "environment" a allo, ya jero kalmomi talatin, yara su kwafe, bayan mako biyu, ko kalma biyar ba su riƙe ba. Gyaran shi ne a yanko ɓangare ɗaya da yaro ya sani. Ɗauki ambaliyar Maiduguri ta watan Satumban 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle. Yara sun ji labarin a rediyo, wasu ma suna da 'yan uwa a can. Daga wannan labari kaɗai za ka fitar da "dam" da "flood" da "displaced" da "relief", kowace kalma da hoton da za ta maƙale a jikinsa. Idan Maiduguri ta yi nisa, kwatar unguwarku da leda ta toshe ta isa.

Sai kuma kukan rashin kayan aiki. Gaskiya ne littattafai sun yi ƙaranci, aji mai yara tamanin kan raba littafi goma. Amma Turanci a rubuce ya cika gari: buhun taki, ledar fiya wata, fom ɗin banki, kwalin sabulu. Na taɓa roƙon fankon kwalayen magani a wani kemis na shiga da su aji huɗu, na raba wa yara rukuni rukuni. Wata yarinya da ban taɓa jin muryarta ba ta ɗaga kwalin ta ce, "Malam, mene ne expiry date?" Da na yi bayani sai ta yi shiru, ta ce irin wannan maganin kakarta ke sha, yau za ta duba nata. A kan kwalin nan muka koyi "dosage", muka koyi yadda ake ba da umarni da Turanci daga jimlar "keep out of reach of children". Har ma muka yi atisayen bambanta "pill" da "fill", wanda ya daɗe yana ba bakin Bahaushe wahala.

Masu waya kuma nasu kuskuren daban ne. Su sauko da darasin da aka tsara wa yaran Ingila, cike da ƙanƙara da jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, su kawo shi aji yadda yake. Ari tsarin, ka sauya kayan cikin. Shirye-shiryen koyon Turanci na BBC da Muryar Amurka suna da amfani wajen sauraro, musamman na Muryar Amurka da ake karantawa a hankali. Ga wata dabara da nake ƙauna: Daily Trust da Aminiya kamfani ɗaya ne, sau da yawa labari guda kan fito a duka biyun. Ba yara na Hausar su fara karantawa, sannan na Turancin. Tunda sun riga sun san abin da ya faru, hankalinsu zai koma kan kalmomi.

Wannan ya kawo ni ga cin tarar yaro don ya yi Hausa a aji. Yana min ciwo. Yaron da ke zuwa gona kowace damina ya fi malaminsa sanin noma, kalmar Turancin ce kawai ba shi da ita. Ba su minti biyar su tattauna da Hausa, sannan su mayar da abin da suka faɗa Turanci.

Wasu kuma suna ware maudu'i gefe guda, shirin jarrabawa gefe guda, kamar ba su haɗa hanya ba. Alhali WAEC na tambayar kalmomin sana'o'i, tana son taƙaita rubutu, tana son insha'i mai kalmomi 450. Labarin ambaliyar nan zai iya zama abin karantawa ranar Litinin, abin taƙaitawa ranar Laraba, ranar Alhamis kuma kowa ya rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma wasiƙa kan kwatar unguwarsu.