Tsohuwar Fijo 504 ta ƙi tashi: kurakuran da aka fi yi wajen neman wuta

Babban abin da ke cinye kuɗin mai tsohuwar mota shi ne canza kaya kafin a gwada. Mota ta ƙi tashi, a ce kwayil ne, a sayo sabo. Ba ta tashi ba, a ce fulogai ne. Wuta kuwa hanya ɗaya take bi: daga batir zuwa makulli, zuwa kwayil, ta shiga distirbuta, ta ƙare a fulogi. A bi ta daki-daki, inda ta yanke nan matsalar take.

A fara da batir, kuma da mita, na'urar auna ƙarfin wuta. Lafiyayyen batir yana nuna kusan bolt 12.6 idan mota na kashe. In ana yin kik ya faɗo ƙasa da 10, ya yi rauni. Amma sau da yawa batirin ƙalau yake, kawunansa ne suka yi farin gari, ko wayar as da ke haɗa shi da jikin mota da inji ta yi tsatsa. Kik ya yi "ƙas" sau ɗaya ya yi shiru, fitilun dashbod su dusashe, sai a ɗora wa kik laifi a kwance shi a banza. A cire kawunan, na maina, mai alamar (−), tukuna, a goge da sanfefa har su yi haske, a ɗaure tam, a shafa giris kaɗan a sama.

Akwai wata ɗabi'a da ya kamata masu gyaran wutar mota su daina: zare kan batir inji na aiki don a ga ko altaneta na caji. Batir ne ke shanye hawa da saukar wuta. Da an zare shi wutar na iya tsalle ta ƙona regileta ko dayod ɗin altaneta. Mita ce ke yin wannan aikin. Inji na gudu, a ga tsakanin 13.8 da 14.4 a kan batir. In bai kai ba, a duba fambel da farko, don sako-sako kaɗai na hana caji.

Distirbuta ce ake fi yi wa ganganci. Tazarar kontak, ƙarafa biyun da ke buɗewa da rufewa a cikinta, a 504 milimita 0.4 ce, kuma da ma'auni ake saita ta, ba da ido ba. In ta matse, wuta ta yi rauni, kwayil ya riƙa zafi. Duk wanda ya taɓa tazarar ya taɓa taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, dole a sake duba shi. In kontak yana yawan ƙonewa yana yin rami, kondansa, wadda ke rage masa tartsatsi, ce ta gaji; canza kontak a bar tsohuwar kondansa aikin baban giwa ne. Haka barin makulli a kunne inji na kashe yana dafa kwayil idan kontak na rufe. Masu ɗora masa jiƙaƙƙen tsumma in ya yi zafi ɓoye cutar kawai suke yi.

Da damina, motar da ta ƙi tashi da safe ta kuma tashi da rana, a buɗe murfin distirbuta. Danshi ko siririn tsagu mai baƙin layi yana karkatar da wuta. A shanya shi, in ya tsage a canza.

Wayoyin fulogi a cire su ɗaya bayan ɗaya. Jerin tashin wutar 1-3-4-2 ne, kuma a Fijo silinda ta ɗaya ita ce ta ɓangaren giya, ba ta gaban lagireto ba.

Fis kuma in ya ƙone, kada a naɗa masa waya ko takardar kwalin sigari. Sau da yawa wani wuri ne waya ta goge ta taɓa ƙarfe, kuma in an naɗa wa fis waya, hakan na iya sa mota ta kama da wuta. A nemo wurin a naɗe, sannan a sa fis mai lamba daidai da wanda ya ƙone.