Yadda Ake Gina Tukunyar Ƙasa da Gasa Ta a Rami

Duk da yawan robobi da tukwanen ƙarfe a kasuwannin Kano, har yanzu ba a rasa randa a zaurukan cikin birni, mai waina ba ta rabu da tanda ba, amarya kuma ba ta tarewa sai da kaskon turare. Wanda yake son koyon gina waɗannan kayayyaki ba ya buƙatar inji ko wutar lantarki, abin da yake buƙata shi ne yumɓu mai kyau, da inuwa, da makamashi, da kuma makonni kamar uku da zai ba aikin. Lokacin da ya fi dacewa a fara shi ne bayan ɗaukewar damina, daga ƙarshen Oktoba, domin a lokacin ƙasa tana da sauran laushin haƙa, ga karan dawa da na gero sun wadata, kuma babu fargabar hadari ranar gashi.

Ba kowace ƙasa ce yumɓu ba. Jar ƙasar da ake yin tubali da ita tana da tsakuwa da yawa, ba ta da danƙon da zai riƙe siririn bango. Yumɓu na gaske ana samunsa a fadama da gefen rafi, irin wuraren da ruwa yake kwanciya da damina, idan ya janye kuma ƙasar ta tsattsage. Kududdufan cikin birni, waɗanda asalinsu ramuka ne da aka haƙi ƙasar gini, a da sun wadatar da mutane, amma yau ruwan kwata da shara sun mamaye galibinsu, kuma ni ba zan ba kowa shawarar ya gina tukunyar da za a ci abinci a ciki da lakarsu ba. Gara a fita bayan gari, wajen fadamun Kogin Challawa ko na Kogin Kano, a nemi izinin mai gona ko mai unguwar wurin kafin a sa magirbi. A kankare ƙasar sama mai saiwoyi da ciyawa, a haƙi ta ƙarƙashi, kuma kada a kuskura a yi wa gaɓa kogo a shiga ciki, domin gaɓar da aka rarake ƙasanta tana ruftawa ba tare da wata alama ba.

Tun a bakin ramin ake gwaji. A jiƙa ɗan dunƙule, a murza shi a tafin hannu har ya zama kamar igiya mai kaurin ɗan yatsa, sannan a naɗe shi a yatsa kamar zobe. Idan ya naɗu bai karye ba, yumɓu ne. Idan ya gutsuttsure, yashi ya yi masa yawa, a matsa gaba.

Idan an kawo shi gida, sai a baza shi a rana ya bushe ƙarau, a farfasa shi, a tsince tsakuwa da saiwa. A nan akwai abin da ya kamata a sa wa ido sosai, wato ƙananan fararen duwatsu masu kama da alli. Wuta tana mayar da su farar ƙasa, bayan an gama gashi kuma sai su ja danshin iska su kumbura, su ɓantare jikin tukunya ko da bayan makonni. Saboda haka ya fi kyau a jiƙa busasshen yumɓun a baho kwana biyu, a dama shi kamar kunu, a tace da rariya, a bar shi ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama, sannan a juye shi a kan buhu a inuwa har ya yi taurin da ba ya manne wa hannu.

Yumɓu zalla ba ya jure wutar rami. Yana tsukewa da yawa wajen bushewa, kuma tururi ba ya samun hanyar fita daga jikinsa. Don haka magina suke gauraya shi da tsingaron tsofaffin tukwane da aka daka aka tankaɗe, ko yashin rafi mai laushi, wasu kuma su ƙara ƙaiƙayi ko busasshen kashin jaki, waɗanda suke ƙonewa su bar ƙananan ƙofofi a jikin tukunya. A ganina dakakken tsingaro ya fi duka, saboda ya riga ya sha wuta, ba zai sake motsi ba. Mai koyo ya fara da awo uku na yumɓu, awo ɗaya na tsingaro, sannan ya yi ɗan faifai ya ja layi mai tsawon santimita 10 a kansa. Idan ya bushe aka ga layin ya ragu da fiye da santimita 1, ko faifan ya tsage, sai a ƙara tsingaro. Daga nan a tattake kwaɓin da ƙafa a kan daɓe mai tsabta, a cuɗa shi da hannu har a yanka shi da zare a ga babu kumfar iska a ciki, a naɗe shi a leda ya kwana biyu ko uku. Yumɓun da ya kwana ya fi biyayya a hannu nesa ba kusa ba.

Hanyar da aka fi sani a ƙasar Kano ita ce gini a bayan tsohuwar tukunya, kuma ita ce mafi sauƙi ga mai farawa. A kife tukunya mai santsin gindi, a barbaɗa mata toka domin kada sabon yumɓu ya manne. A buga dunƙule ya zama faifai, a ɗora a tsakiyar gindin, a riƙa bubbuga shi da ɗan katako mai faɗi ana zagayawa, yana saukowa a hankali har ya kai inda cikin tukunyar ya fi faɗi. Kada a wuce nan, in ba haka ba ba zai ciru ba. Kaurin ya zama ɗaya ko'ina, kamar na ƙaramin yatsa ga tukunya matsakaiciya, domin inda ya fi kauri ne yake riƙe ruwa ya fashe a wuta. A bar shi ya sha iska kaɗan, amma kada a manta da shi, saboda yana tsukewa ne alhali tukunyar da ke ƙarƙashinsa ba ta tsukewa, idan ya daɗe sai ya tsage. Da zarar ya iya riƙe kansa, sai a ɗaga shi da hannu biyu, a juya shi, a zaunar a cikin kasko mai toka ko yashi.

Kafaɗa da wuya da baki kuwa da igiyoyin yumɓu ake ɗora su. A kankare gefen, a shafa masa ruwan yumɓu, a ɗora igiya, hannun hagu yana tallafe daga ciki, babban yatsan dama yana murje mahaɗar har ta ɓace. Bayan layi biyu ko uku a dakata ginin ya yi ƙwari kafin a ci gaba. Baki ana gyara shi da jiƙaƙƙen tsumma, magini yana zagaya tukunyar da baya da baya, hannunsa bai ɗaga ba. Wanda bai taɓa yi ba ya fara da kasko ko asusu, ya bar randa sai hannunsa ya faɗa.

Ado ana yin sa ne lokacin da jikin ya yi taurin fata: a mirgina murɗaɗɗiyar igiya ko totuwar masara a kafaɗa, a shafa ruwan jar ƙasa, a goge da dutse mai santsi ko 'ya'yan kuka da aka shirya a zare har ya yi ƙyalli. Randa dai kada a goge ta da yawa, domin tsattsafowar ruwa ta jikinta, iska kuma tana busar da shi, ita ce take sanyaya abin da ke ciki. A kan wannan dabara ce Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa amfani da tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, aikin da ya jawo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Bushewa ita ce inda aka fi yin asara, musamman da hunturu, lokacin da iska take busar da baki alhali gindi yana ɗanye. A ajiye kayan a ɗaki, a rufe da buhu kwana uku zuwa huɗu, a kife su domin gindi ya sha iska, sai bayan mako guda a fitar da su rana. A gashina na farko na ɗauka kaskona shida sun bushe saboda sun yi fari, amma wuta tana kamawa na fara jin ƙara kamar ana fasa gyaɗa, da safe kuma biyu kawai na tarar da rai, sauran duk gindinsu ya tashi. Tun daga ranar nake kara gindin tukunya a kumatuna, idan na ji sanyi na san akwai sauran ruwa. Ruwa yana zama tururi a digiri 100, kuma tururin da ya rasa mafita shi ne yake fasa bango. Saboda haka ranar gashi ma a jera kayan kusa da ƙaramar wuta awa biyu ko uku ana jujjuya su, har su yi zafin da hannu ba ya iya riƙewa.

Ramin ba ya buƙatar zurfi. Zurfin gwiwa ya isa, faɗinsa kuma gwargwadon kayan. A haƙa shi a fili nesa da gidaje da danni da wayoyin lantarki, abin da ke da wuyar samu a cikin ganuwa, shi ya sa ya fi kyau a nemi wuri a bayan gari. A tanadi ruwa a kusa, a hana yara matsowa. A shimfiɗa ƙirare da busasshen kashin shanu a ƙasa, a kife manyan tukwane a tsakiya, ƙanana a kai da gefe, a cusa makamashi a tsakaninsu, a rufe tarin da manyan tsingaro domin su tare iska su riƙe zafi, sannan a lulluɓe da kara da ciyawa. Da yamma ake kunnawa, lokacin da iska ta kwanta, kuma duhu yana taimaka wa ido ya ga launin wutar. A kunna ta ɓangarori uku ko huɗu, a bar ta ta kama a hankali, sannan a riƙa ƙara kara duk inda aka ga tukunya ta bayyana, domin iska mai sanyi idan ta bugi jiki mai zafi nan take yake tsagewa. Irin wannan wuta takan kai digiri 600 zuwa 900, kuma sai yumɓu ya haura wajen 600 yake zama abin da ruwa ba zai sake narkarwa ba. Alamar ita ce a leƙa ta tsakanin tsingaro a ga tukwanen sun yi jajir kamar garwashi. A riƙe wutar a haka kamar rabin awa, sannan a bar ta ta ci kanta.

Wanda yake son baƙar tukunya sai ya rufe tarin da buntun shinkafa tun yana ja, hayaƙin da ya rasa iska zai shiga jikinta ya baƙanta ta. Wasu magina kuma sukan zaro tukunya da dogon itace tana da zafi, su yayyafa mata ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, wanda yake ba ta duhun launi ya kuma rage mata yoyo. Mai koyo dai ya bar komai a cikin toka har gari ya waye.

Da safe a ɗauki kowace a ƙwanƙwasa ta da yatsa. Wadda ta gasu tana amsawa da ƙara mai zaƙi, wadda ta tsage ko ba ta ji wuta ba kuma muryarta a dushe take. Mai tsaga a daka ta, ta zama tsingaron kwaɓi na gaba. Tukunyar girki a fara dafa dusa ko ruwan gasara a cikinta a kan wuta kaɗan, domin ya toshe ƙofofin jikinta. Randa kuwa a cika ta a zubar sau biyu ko uku har warin toka ya fita, sannan a ɗora ta a kan jiƙaƙƙen yashi a inuwa, a jefa saiwar jema a ciki, a rufe da faifai.