Tiyatar hanji ta ƙananan huda: inda masu koyo suka fi tuntuɓe

Tun 1991 aka fara yanke babban hanji ta hanyar laparoskopi, wato a yi 'yan ƙananan huda a ciki, a hura iskar kabon dayoksaid, a zura kyamara da dogayen kayan aiki. Da farko likitoci sun yi ɗari-ɗari da ita saboda tsoron kada cutar kansa (ciwon daji) ta sake tsirowa a bakin huda. Sai da binciken COST na Amurka ya fito a 2004, na CLASICC na Birtaniya ya biyo baya a 2005, hankula suka fara kwanciya. Amfaninta a fili yake: ciwo kaɗan, hanji ya farfaɗo da wuri, a sallami mutum da wuri. Matsalar tana wajen koyo.

Babban kuskure shi ne likita ya ɗauka shekarun da ya yi yana buɗe ciki sun ishe shi. A nan hannu ba ya taɓa hanji, allo ba ya nuna zurfi sosai, kuma in ka kai hannu dama, bakin almakashi hagu zai nufa. Kwas na kwana biyu ba ya koyar da wannan. A fara da akwatin atisaye, a yi ta ɗinki da ƙulli har hannu ya faɗa, sannan a shiga ɗakin tiyata tare da ƙwararre a tsaye a gefe. A kan wannan tsari Ingila ta gina shirinta na horar da likitoci mai suna Lapco, wanda ya ƙare a 2013, inda aka riƙa duba bidiyon aikin mai koyo kafin a sakar masa mara.

Sai zaɓen majinyaci. Mai ƙiba da kansar dubura can ƙasa cikin matsattsen ƙugu, ko wanda tsohuwar tiyata ta manne masa hanji, ba na ɗan koyo ba ne. A fara da ɓangaren dama na babban hanji a jikin marar ƙiba.

Wanda ya fi damuna shi ne jin kunyar buɗe ciki. Jini yana tsiyaya, an yi awa guda ba a ci gaba ba, ba a ga bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda ba, amma likita ya nace. A CLASICC kusan kashi 29 cikin 100 na waɗanda aka fara yi musu ta huda sai da aka koma buɗe su. Tun kafin a fara, a faɗa wa majinyaci haka na iya faruwa, a ajiye kayan buɗewa a kusa, a kuma yanke lokacin da za a haƙura.

Ana kuma mantawa da mai riƙe kyamara da nas da likitan sa barci, alhali in kyamara ta karkace, idon kowa ya karkace. A horar da su tare. Kuma a riƙa rubuta sakamako: ɗinki nawa ya yi yoyo, sau nawa aka buɗe, kaluluwa nawa aka ciro tare da kansar, don ana son aƙalla 12.