Kurakuran da ake ta maimaitawa wajen barbarar karnukan farauta

Duk shekara da zarar an kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe an fara shirin shiga daji, sai yaran da suka shigo harkar farauta kwanan nan su fara turo hotuna a WhatsApp. Wannan yace karyarsa ta haihu rabin 'ya'yan sun mutu kafin sati, wancan yace kwikwiyonsa in ya sha nono ta hanci yake fitowa, wani kuma karensa ne ya faɗi yana shure-shure ana tsakiyar kora, wai ko sammu aka yi masa ko kambun baka ne. Na gaji da maimaita amsa ɗaya, shi yasa na rubuta a nan kowa ya karanta. Mafi yawan lokuta in ka bi salsala zaka tarar uban kwikwiyon nan shi ne kuma kakansa.

Wannan shi ne na farko, mayar da kare kan 'yarsa, ko haɗa wa da ƙanwa, wai don kada jinin ya salwanta. Mutum yana da kare mai gudu wanda zomo baya tsere masa, sai ya ga ai asara ce ya kai 'yarsa wani gida a gauraya ta, gara a ninka jinin. To ana ninkawa ɗin, amma har da ciwon da ke ɓoye ake ninkawa. Duk wanda ya taɓa zuwa gwajin jini kafin aure ya san maganar AS da AS, kowannensu lafiyarsa ƙalau yana harkarsa, amma kowane cikin da za'a samu akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya fito sikila. Haka cututtukan gado da yawa suke a jikin kare, lalatacciyar ƙwayar gado tana kwance shiru matuƙar wadda ya samo daga ɗaya ɓangaren mai kyau ce, sai ranar da ta gamu da irinta. A ina kuwa zata fi saurin gamuwa da irinta in ba a cikin gida ba? Masu lissafin abin sun auna yiwuwar kwikwiyo ya gaji ƙwayar gado guda ta ɓangaren uwa da ta ɓangaren uba saboda kusancinsu, uba da 'ya ko wa da ƙanwa uwa ɗaya uba ɗaya kashi 25 cikin 100 ne, 'yan uba kashi 12.5, 'ya'yan wa da ƙani 6.25, kuma in ka sake maimaitawa a kan jikokin taruwa yake yi, baya komawa baya.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne haihuwar farko tana iya yin kyau, har a samu guda ɗaya da ya ɗauko uban sak, sai kaji ana cewa ai ga zahiri. Jira ta biyu da ta uku. 'Ya'yan sai raguwa suke, ana haifar wasu a mace, wani ya zo da tsagaggiyar ganɗa shi ne mai nono ta hanci ɗin nan kuma da wuya ya rayu, wani cibiyarsa ta turo waje, wani haɓar ƙasa ta wuce ta sama ko ta gaza ta, haƙoran basa haɗuwa daidai, ya cimma gada ya cafka ta fizge ta barshi da gashi a baki. Waɗanda suka tsira ɗin ma jikinsu ba ƙwari, ƙazuwa ta kama su a yi ta magani tana dawowa.

Na biyu shi ne wanda ya ci min dukiya, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake. Gari guda su tattara karyoyinsu su kai wa kare ɗaya. A yankinmu an taɓa yin wani jan kare mai farin ƙirji, dogo, kunkuminsa kamar a kama da hannu ɗaya, ya yi suna har ƙauyukan da ke kewaye, kowa ya kawo karya, ladan mai shi kwikwiyo ɗaya in an haihu. Bayan 'yan shekaru duk karen da ka nuna a wannan yanki ko ɗansa ne ko jikansa. Ni kuma na sayar da tumakina na sayi namiji a wani ƙauye, mace a wani ƙauyen da ke da nisa da shi, kowanne mai shi ya rantse min jininsu daban. Ashe uwar namijin 'yar jan karen ce, ita kuma macen shi ne ubanta, kuma ɗaya daga cikin masu sayarwar ya sani sarai ya yi shiru don kar ciniki ya ɓaci. 'Ya'yan sun taso gwanin sha'awa, na sha wahalar horar da su, sai da suka haura shekara aka fara. Muna cikin kora a wata fadama wanda na fi ji da shi ya tsaya cak, ya ƙame, ya kife gefe guda yana taune-taune kumfa na zuba, ƙafafun na tuƙi kamar yana gudu a kwance, fitsari ya kufce masa. Da ya farfaɗo bai gane ni ba, tangaɗi kawai yake yana karo da itace. Kafin damina ta faɗi 'yar'uwarsa ma ta fara. Likitan dabbobi yace farfaɗiya ce, irin ta gado galibi tana bayyana ne tsakanin wata shida zuwa shekara shida, wato lokacin da ka riga ka gama kashe kuɗinka, ƙila ma ka riga ka ba wasu irin.

Don Allah masu sayar da kwikwiyo ku ji tsoron Allah. Ka san uwar tana faɗuwa, ka san an haifi masu tsagaggiyar ganɗa a gidanka ka binne su da asuba ba wanda ya gani, sannan ka kawo sauran kasuwa kana kirari kana cewa jinin wane ne. Wannan algus ne, ba wani suna da zaka sa masa. Ku kuma masu saye kun iya tambayar ko uban ya taɓa kama barewa, amma ba mai tambayar su nawa aka haifa, nawa suka rayu, ina 'yan haihuwar bara suke.

Abin da nake yi yanzu, ban ce dole kowa ya bi ba, ina da ƙaramin littafi irin na 'yan makaranta, kowane kare da shafinsa, uwa, uba, kakanni huɗu da garin da suka fito. In na ga suna ɗaya ya fito a ɓangaren namiji da na mace cikin kakannin nan, na fasa, ko da karen tashi sama yake. Akwai abokan farauta da ke ganin na cika tsanani, su suna haɗa 'yan uba kuma suna cewa basu ga komai ba, to Allah ya kiyaye gaba. Kuma bana barin namiji ɗaya ya hau duk karyoyin gidana, lokaci lokaci nakan nemo baƙon jini daga nesa. Masu zuwa Nijar suna samo irin karnukan Buzaye na yankin Azawak, wajajen Tawa da Abalak, masu dogayen ƙafafu da jure zafi, suna gyara iri sosai, sai dai su ma an san su da farfaɗiya a wasu gidajen, don haka nisan gari ba hujja bace, tambayar nan dai sai ka yi ta.

Sauran ƙanana ne. Namijin da marainansa ɗaya bai sauko ba har ya kai wata shida kada ka ba shi mace, ana gadon abin, kuma wanda ya maƙale a cikin ya fi saurin zama ciwon daji, kai shi a fiɗiye ya ci gaba da farautarsa. Kada ka saki karya tana yawo lokacin barbara, haihuwa ɗaya tana iya zama ta uba biyu, littafinka ya zama ƙarya. Rubuta ranar da aka haɗa su, wajen kwana 63 take haihuwa. Karya a zuwanta na farko yarinya ce, bari ta gama girma. Masu gauraya da karen 'yan sanda don a samu girma, ciwon ƙugu ya yi yawa a wannan irin, ga gashi ga nauyi, rana na take zai nemi inuwa ya barku.

Akwai kuma masu jin wannan bayanin sai su ɗora komai a kan jini. Kwikwiyon da ke amai da gudawar jini mai wari yawanci cutar fabo ce, kamuwa ake yi kuma tana da rigakafi, mai ƙaton tumbi da busasshen gashi tsutsar ciki ce, wanda dasashinsa ya yi fari fat duba kunnuwa da tsakanin yatsu zaka ga kaska. Allurar haukan kare kuwa ba'a wasa da ita, cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yinta, asibitin dabbobi na kusa da kai ma zaka samu.

In zaka sayi kwikwiyo je gidan da kanka, kada a kawo maka shi a kwali bakin kasuwa. Ka ga uwar a tsaye tana tafiya, buɗe bakinsa ka duba ganɗa da haɗuwar haƙora, shafa cibiya, in namiji ne laluba marainan. In fari ne sol ko kansa duk fari, zagaya bayansa inda baya ganinka ka tafa hannu da ƙarfi, akwai kurame a cikinsu, kuma kurman kare in ya bi nama ya yi nisa ba kiran da zai dawo da shi.