Idan kawaye suka ware 'yarki, ga abin yi

Iyaye mata, cin zalin 'yan mata ba sai an kai ga duka ba wallahi. Gulma ce, habaici ne, a cire ta daga gurup din WhatsApp na aji, a yi ankon biki ba a gaya mata ba, ta shigo aji kowa ya yi tsit.

Ki lura da ita, yarinyar da take son makaranta kwatsam kullum ciwon ciki da safe, ko ta daina taba waya, akwai magana. Kar ki ce mata "ke ma ki rama" ko "sharesu kawai", zaunar da ita ki ji komai tukuna, ko kina tsinke zogale ne ku yi hirar, sun fi sakin baki in ba a kafe su da ido ba.

In a waya ne a dauki sikirinshot kafin a goge. Sai ki samu malamar ajinsu a kebe, ban da zuwa gidan su mai cin zalin da fada don Allah, abin kara rura wuta yake. Ki nema mata wasu kawayen a islamiyya ko cikin 'yan uwa, kawa daya ta gari tana rage radadin sosai.

In kuma taki ce mai ware wasu, ki tsawatar tun yau.